Ƙailula: Bashin da jiki yake bin magidantan Batsari da Safana

Idan ana lissafin asarar da 'yan bindiga suka jawo wa ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, akan ƙirga rayuka da shanu da kuɗin fansa. Ba kasafai ake sanya barcin magidanta a cikin lissafin ba. Tun kafin harin Tsauwa da Ɗankar na watan Fabrairun 2020, wanda ya ci rayuka 30 a ƙaramar hukumar Batsari, maza da yawa a yankin suka koyi kwana da kunne a buɗe. Wani yana sintiri a bakin gari, wani yana zaune a zaure yana sauraron kukan babur. Da aka katse layukan waya a watan Satumban 2021, fargabar ta ƙaru, domin babu yadda za a ji labarin maƙwabta. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaro ta al'umma a Oktoban 2023, aka kuma yi zaman sulhu a Batsari a farkon 2025, amma jikin da ya shekara da shekaru yana zabura cikin dare ba ya komawa daidai don kawai ƙura ta lafa.

Da gari ya waye kuma, wannan mutum da bai runtsa ba shi ne zai saɓi fartanya zuwa gonar gero ko ta rogo, ko ya hau babur neman na cefane. Sau da yawa gidansa ya ƙaru da 'yan'uwan da suka yi gudun hijira daga ƙauye, da marayun wani ɗan'uwa. Idan ka tambaye shi lafiya, zai ce "alhamdu lillahi", kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai matarsa ta san cewa mutumin da a da yake wasa da yara yanzu ƙaramin abu ke tunzura shi, ga mantuwa, ga ciwon kai, ga gyangyaɗi a sahun salla. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙarewar ƙarfi da aiki ke haifarwa da alamomi uku: matsananciyar gajiya, sanyin zuciya ga aikin, da raguwar ƙwazo. Ma'aikatan ofis aka fi tunawa da wannan bayani, amma manomin Runka ko Wagini zai gane kansa a ciki.

A al'adarmu, namijin da aka gani kwance da rana akan yi masa kallon rago. Wannan kallo ba shi da madogara a Sunna. Bukhari ya ruwaito labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, ya tarar da matarsa cikin tufafin da ba na ado ba, saboda mijin ya duƙufa kan azumi da ƙiyamul laili. Salman ya sa shi ya ci abinci, ya hana shi tashi salla sai ƙarshen dare, ya kuma tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai na rai da na iyali. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya gaskata Salman. Irin wannan gyara ya yi wa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi. To, idan an taka wa sahabi birki a kan nafila don kada jikinsa ya karye, ina ga mai wahalar neman abinci?

Ƙailula kuwa sananniyar aba ce a Madina. Sahlu ɗan Sa'ad ya ba da labarin cewa ranar Juma'a sukan jinkirta ta da abincin rana har sai an sauko daga masallaci, abin da ke nuna cewa a sauran ranaku ma al'adarsu ce. Aya ta 58 cikin Suratun Nur ta sanya tsakar rana cikin lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu. Ke nan Alƙur'ani da kansa ya kewaye wa magidanci wannan ɗan lokaci.

Akwai wani sauƙi da ɗalibai ya kamata su riƙe. Malamin lugga Azhari ya bayyana cewa ƙailula a wurin Larabawa hutun tsakar rana ce, ko da barci bai zo ba. Wannan yana da muhimmanci ga wanda tsoro ya kori barci daga idonsa. Ya kishingiɗa a inuwa, ya ajiye waya, ya rufe ido, ya samu rabonsa. Malamai sun yi saɓani ko kafin zawali ta fi ko bayansa, kuma a ganina manomi ya ɗauki wanda aikinsa ya ba shi dama.

Tsawonta shi ne inda ake yawan kuskure. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada matuƙa jiragen sama a shekarun 1990, inda barcin kimanin minti 26 ya ƙara musu natsuwa da saurin lura. Idan aka zarce rabin sa'a, mutum kan faɗa barci mai nauyi, ya farka da kasala, wataƙila ma La'asar ta kuɓuce masa. Ƙailula kuma ba ta biyan bashin dare gaba ɗaya. Wanda ya yi makonni ba ya iya barci, ko yake yawan firgita, ko jiri ke ɗibarsa, ya je asibiti a auna jininsa, don hawan jini kan daɗe bai nuna alama ba.

Sauran aikin na jama'a ne. Masu tsara sintiri su raba dare kashi-kashi, kada a bar mutum ɗaya dare biyu a jere don an ga ba ya musu. A gona, waɗanda suka fita tare su yi karɓa-karɓa, ɗaya ya kwanta ɗaya yana duba hanya. Ɗan acaɓan da ya kwana a tsaye, amanar fasinja ta wajabta masa ya tsaya a masallaci bayan Azahar kafin ya sake hawa titi, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Uwargida ta kau da yara daga zaure na ɗan lokaci, shi kuma maigida ya tuna cewa ita ma ba ta runtsa ba a daren da ya kwana yana gadi, ya karɓi yaran idan ya tashi.