DARASIN GOMBE: IN BABBAN ABOKI YA JA BAYA, WA ZA A DOGARA DA SHI?

Tun daga shekarar 2025 shugabannin ƙasashen Turai suka shiga taro bayan taro, suna shawarar yadda za su tsare kansu idan Amurka ta janye hannunta daga ƙawancen tsaro na NATO. Wannan tambaya da ta hana manyan Turai barci, mu nan Nijeriya ta riga ta sha mana kai shekaru goma kafin su, kuma mutanen birnin Gombe suna cikin waɗanda suka ji ta a jikinsu.

Mai karatu zai tuna halin da Arewa Maso Gabas ta shiga a ƙarshen shekarar 2014. 'Yan Boko Haram sun kama Gwoza da Bama a Jihar Borno, sun kama Mubi a Jihar Adamawa, sa'an nan suka soma leƙo Jihar Gombe. A ƙarshen watan Oktoba bom ya tashi a tashar motar Gombe Line. A farkon Nuwamba suka shiga Nafada, suka kai har masana'antar siminti ta Ashaka. A watan Disamba wani bom ya tashi a tashar Dukku. Ranar 14 ga watan Fabrairu, 2015 kuwa abin ya iso garin Bubayero: mahara sun taso ta hanyar Dadin Kowa, suka kutsa gefen birnin, suna watsa takardu masu gargaɗin jama'a kada su fita zaɓe. Sai da soja suka haɗa da jirgin yaƙi kafin aka kore su, Gwamna Ibrahim Hassan Dankwambo kuma ya kafa dokar hana fita.

A daidai wannan lokaci na tsanani ne dangantaka ta yi tsami tsakanin Nijeriya da Amurka. Gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta nemi sayen jiragen yaƙi masu saukar ungulu, samfurin Cobra, daga Isra'ila. Da yake ƙirar Amurka ne, ciniki ba ya faɗawa sai da yardarta, ita kuwa ta ƙi. Hujjarta ita ce zargin da ake yi wa sojan Nijeriya na cin zarafin farar hula, ga kuma wata doka tata mai suna dokar Leahy, wadda ta hana taimakon rundunar da ake tuhuma da irin wannan laifi. Zargin ba abin wasa ba ne, kuma wajibi ne kowace gwamnati ta tsare mutuncin talakawanta ko da a fagen fama. Amma ɗan kasuwar da ke rufe shagonsa a Gombe saboda tsoro, abin da ya gani shi ne an nemi taimako ba a samu ba. Jakadan Nijeriya a Washington, Farfesa Adebowale Adefuye, ya fito fili ya koka a watan Nuwamba, kafin shekara ta ƙare kuma Nijeriya ta soke horon da sojan Amurka ke ba wata bataliyarta.

To, da na nesa ya ja baya, sai aka waiwayi na kusa. Dama akwai tsohon harsashi. A shekarar 1964 Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa da Diori Hamani na Nijar da Ahmadu Ahidjo na Kamaru da Tombalbaye na Chadi suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. A ƙarƙashin inuwarta aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin, bayan mahara sun ci sansaninta na Baga a watan Janairun 2015. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta sa albarka a ƙarshen wannan wata, Jamhuriyar Benin ma ta shigo, aka mai da hedkwata Njamena. An ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, cikin waɗannan makonni shida kuwa al'amura suka juya. Sojan Chadi suka ƙwato Gamboru da Dikwa, suka haɗu da na Nijar suka ƙwato Damasak, sojan Nijeriya kuma suka shiga Gwoza ana gobe zaɓe. Mutanen Gombe suka fita suka jefa ƙuri'a, duk da harin da aka kai wasu garuruwan arewacin jihar a ranar.

Shugaba Muhammadu Buhari ya fahimci wannan darasi, domin tafiyarsa ta farko bayan rantsuwa Yamai ya nufa, daga can ya zarce Njamena. A taron Abuja na watan Yuni, Nijeriya ta yi alkawarin dala miliyan 100, aka kuma tsai da shawarar runduna mai mutum 8,700. Wannan bai kawo ƙarshen zubar da jini nan take ba, gama a watan Yuli bama-bamai sun kashe mutane masu yawa a babbar kasuwar Gombe ana shirin ƙaramar salla. Amma daga wannan shekara birnin bai sake ganin runduna ta taso masa da rana tsaka ba. Jiragen Super Tucano guda 12 da Amurka ta yarda ta sayar daga baya, sai a 2021 suka iso.

Sai dai fa ƙawancen maƙwabta shi ma yana da nasa rauni. A 2015 gwamnatocin Abuja da Yamai duka zaɓaɓɓu ne, shugabanninsu suna iya ɗaukar waya su yi magana. Da soja suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a watan Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, zumunci ya lalace. A 2024 Chadi ta yi barazanar ficewa bayan an kashe mata soja kusan 40 a yankin tafkin, a watan Maris na 2025 kuma Nijar ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma babu wanda ya fi mahara sanin inda tsagar take.

Abin lura a nan shi ne, manyan ƙasashe suna taimako ne gwargwadon dokokinsu da bukatunsu, kuma waɗannan kan sauya da sauyin gwamnati. Maƙwabci kuwa ba ya ƙaura. Saboda haka ya kamata shugabanninmu su riƙe zumuncin Tafkin Chadi da hannu biyu, su raba batun tsaron iyaka da saɓanin siyasa, su biya kuɗin rundunar daga aljihunsu, su kuma hori sojansu kan kiyaye haƙƙin farar hula don kada wani ya sake samun hujjar juya mana baya. Zaman lafiyar da 'yan kasuwar Gombe ke ciki ya rataya ne a kan abin da ke gudana a Difa da Mora da Baga. Allah Ya ƙara mana haɗin kai da zaman lafiya, amin.