Haƙurin 'Ya'ya Mata a Ƙasar Fombina

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Garwa, ko a Marwa, ko a wani gari na ƙasar Fombina wadda Modibbo Adama ya karɓo wa tuta daga hannun Shehu Usmanu, ya san wasiyyar da ake yi wa amarya a daren da za a kai ta: baffanni su yi nasiha, gwaggwanni su kewaye ta, kowa kuwa abu ɗaya yake maimaitawa, wato ta yi haƙuri. Babu mai musun cewa haƙuri ɗabi'a ce ta salihai, amma idan aka ɗora shi a kan yarinyar da ba ta gama makaranta ba, aka kuma ɗauke shi daga kan wanda ya fi ta shekaru da dukiya da iko, to lalle ya wajaba a tsaya a yi nazari.

Djaïli Amadou Amal, wadda aka haifa a Marwa a 1975, tana da shekara 17 aka aurar da ita ga wani attajiri da ya girme ta nesa ba kusa ba, alhali zuciyarta tana ga karatu. Shekara biyar ta yi a gidan kafin ta samu fita. Aure na biyu ya zo mata da kishiya da duka, kuma da ta tattara ta nufi Yawunde, sai mijin ya ƙwace 'ya'yanta mata biyu domin ramuwa. A nan ne, a ganina, ainihin juriyarta ta bayyana, domin ba ta zauna tana kukan ƙaddara ba, sai ta nemi aiki, ta sayar da gwala-gwalanta, ta sayi kwamfuta da tebur da kujera, ta fara rubuta abin da mata ke faɗa wa juna a tsakar gida cikin raɗa. Littafinta na farko, Walaande, ya fito a 2010. Sa'an nan Munyal a 2017, mai ɗauke da labarin Ramla da Hindu da Safira, wanda bayan an sake fitar da shi a Faransa da sunan Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020.

Haka nan Aissa Doumara, wadda aka aurar tun tana ƙarama, ta dage ta ci gaba da karatu duk da rashin yardar dangin miji, a 1996 kuma ta shiga cikin waɗanda suka kafa reshen ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata a Marwa, inda ake karɓar matan da aka zalunta, har aka ba ta kyautar Simone Veil a 2019.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jingina wannan al'amari ga addini. Gaskiya ne mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon ijbari a kan budurwa, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya sani, amma fuƙaha'u sun gindaya sharaɗin kada a cutar da ita, kuma ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bintu Khizamu, bazawarar da ubanta ya aurar ba da sonta ba. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta zama hujja a aikace.

Hukumar Kamaru ma ta motsa, ko da yake a makare: dokar 1981 ta yarda a aurar da yarinya mai shekara 15, sai kundin laifuffuka na 2016 ya faɗaɗa hukuncin auren dole, wato ɗaurin shekara biyar zuwa goma, ya haɗa da duk wanda ya aurar da yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba. Sai dai yarinyar da ke Garwa ba za ta kai ƙarar mahaifinta gaban alƙali ba, domin tana tsoron baki da yankewar zumunci. Wanda take buƙata shi ne kawu ko gwaggo ko limamin unguwa da zai buɗe baki tun kafin a karɓi sadaki.