MATOSHIN KUNNE GA MAI HARBI: WANNE YA KAMATA A SAYA?



Da yawa daga cikinmu, in kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, sai hankali ya koma dawa. Wani yana da bindiga mai baki biyu da lasinta, yakan fita harbin zabi da fakara. Wani bindigar toka ya gada wurin mahaifinsa. Wani kuwa rakiya kawai yake yi wa maharba. Kowannenmu yakan tanadi harsashi da man goge bindiga da gorar ruwa, amma da wuya ka ga wanda ya yi wa kunnensa tanadi.

Akwai wani dattijo abokin cinikinmu, maharbi ne tun yana saurayi. Yau in ana ciniki a kara, sai ka ga ya karkato da kunnen dama yana cewa "na'am?" An ce talatin ya ji tamanin, an ce saba'in ya ji casa'in. Ta kai ba ya yarda ya yi ciniki ta waya sai ɗansa yana kusa. Da dare kuma, in ji shi, kamar gyare ne ke kuka a cikin kansa har gari ya waye. Mutane suna cewa tsufa ne. Da ya je wurin likitan kunne aka auna shi, sai aka ce masa ƙarar bindiga ce, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan matoshin kunne, wato ɗan abin nan da ake cusawa cikin ramin kunne kafin a yi harbi.

Yadda ƙara ke cin kunne

Masana suna auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. Daga 85 ɓarna ke farawa idan an daɗe a ciki: hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ce kada a wuce awa 8 a cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato awa 4 a 88, awa 2 a 91. Ita kuwa ƙarar da ke tashi farat ɗaya irin ta bindiga, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a 140 ga babba, 120 ga yaro, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999.

To, 'yar ƙaramar bindigar nan mai lamba .22 tana kaiwa kusan 140. Mai baki biyu mai lamba 12 tana tsakanin 150 da 160. Manyan bindigogin harbin namun dawa sukan haura 160. Ke nan harbi ɗaya tak ya isa ya yi lahani.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi masu siraran gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana karya su, kuma wanda ya mutu ba ya tsirowa. Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu karɓar siririn sauti, irin na "s" da "sh" da "f" da "ts". Shi ya sa mutum zai riƙa jin ana magana, amma bai rarrabe kalmomin, balle a wuri mai hayaniya. Wannan dumm da kunne kan yi bayan harbi, ya sake bayan kwana ɗaya ko biyu, kada a ɗauka ya wuce a banza. Kowane karo yana barin tabonsa.

Wani abin lura: mai harbi da dama, kunnensa na hagu ne ya fi cutuwa, domin in ya kwantar da kunci a kan ƙota, kai da kafaɗa suna kare na dama, na hagu kuwa yana fuskantar bakin bindiga. Bahago kuma akasin haka.

Me ya sa na cikin kunne?

Akwai makarin kunne babba mai kama da kofi biyu da ake ɗorawa a ka. Yana aiki ƙwarai, sai dai a ƙasarmu mai zafi yana tara gumi, hula ko rawani ko ƙafar tabarau sukan hana shi mannewa, kuma ƙotar bindiga takan ture shi daidai lokacin da za a ja kunama. Na cikin kunne ba ya da waɗannan matsaloli, kuma aljihun riga ya ishe shi.

Auduga kuwa, ko tsumma, ko kwankon harsashi da wasu ke cusawa, duk ba su toshe komai na a zo a gani. Sauti yana ratsa auduga kamar yadda ruwa ke ratsa rariya.

Ire-irensa

1. Na soso. Shi ne mafi araha, kuma in an sa shi daidai, yana cikin mafiya ƙarfi. Wani Ba'amurke mai suna Ross Gardner ya ƙirƙiro shi a 1972. Ana murza shi ya sirance, a cusa, ya kumbura ya cika ramin kunne. Aibinsa biyu: yana dusashe kowane sauti, har motsin nama da maganar abokin tafiya, kuma ba a cusa shi da gaggawa. In ya yi dauɗa ko ya daina kumbura, sai a yar.

2. Na roba mai hawa uku. Kamar 'yar bishiya yake, da ɗan mariƙi. Yana shiga da sauri, ana wanke shi da ruwa da sabulu, yana yin watanni. Ƙarfinsa bai cika kai na soso ba, kuma yana da ƙarami da matsakaici da babba, dole mutum ya nemi daidai kunnensa.

3. Mai 'yar ƙofa. Shi ma roba ne, amma a tsakiyarsa akwai wata 'yar mitsitsiyar kafa. Sauti mai sauƙi yana wucewa, amma in ƙarar harbi ta taso da ƙarfi sai iskar ta cushe a bakin kafar, mafi yawanta ya kasa shiga. Cibiyar bincike ta haɗin gwiwar Faransa da Jamus da ke Saint-Louis tana cikin waɗanda suka ƙware a wannan fasaha, domin sojoji. Ba ya bukatar batir. Sai dai don harbi jefi-jefi aka yi shi. Ba ya tsare kunne daga ƙara mai ɗorewa, irin ta injin niƙa ko janareta.

4. Mai batir. Yana da 'yar na'urar ɗaukar sauti a waje da 'yar lasifika a ciki. Ƙaramin sauti yana ƙara masa ƙarfi, har ka ji takun gada a kan busasshen ganye, amma ba ya barin abin da ya wuce wajen desibel 82 zuwa 85 ya fito ta lasifikar. A nan mutane ke ruɗewa: na'urar ba ita ke tare ƙarar bindiga ba, bakin soso ko robar da ya toshe ramin kunne shi ke tarewa. In bakin bai zauna ba, kuɗin ya tafi a banza. Yana da tsada, ƙurar hunturu da gumi suna ɓata shi. Mai ƙananan batira irin na na'urar kurame, da an ɓare takardar batirin ya fara ƙarewa ko ba a kunna ba, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. Ga mai yawan tafiya, wanda ake yi wa caji ya fi.

5. Na awo. Likitan kunne ke zuba wani abu mai laushi ya ɗauki siffar kunnenka, a ƙera maka naka. Ya fi daɗin sawa yini guda, yana shekaru, amma sai a manyan birane, kuma in jiki ya canja sosai sai an sake awo.

Akwai kuma na kaki da ake sayarwa a farmasi. Wannan don barci da hayaniyar gari aka yi shi. Zafi yana narkar da shi, motsin muƙamuƙi yana sassauta shi. Kada a dogara da shi wajen harbi.

Lambar da ke jikin kwali

Kayan da aka yi don kasuwar Amurka suna ɗauke da haruffan NRR, na Turai kuwa SNR, sa'annan lamba. Ita ce adadin desibel da aka samu ya rage a ɗakin gwaji. Mafi girman NRR da ake samu a na soso shi ne 33. SNR takan ɗara NRR da 'yan lambobi a kan abu guda, saboda haka kada a gwama su kai tsaye. Wanda ba ya da ko ɗaya daga cikin biyun, a bar wa mai kanti kayansa. Araha ba ta ado.

Amma fa lambar nan ta ɗakin gwaji ce, inda gwani ya sa wa mutum da hannunsa. A wajen aiki an sha aunawa an ga mutane da yawa ko rabinta ba su samu, saboda rashin iya sawa. Mu yi lissafi na kusa-kusa: bindiga mai 160, a cire 30, saura 130, an tsira. In an sa shi sama-sama ya rage 15 kawai, saura 145, an haura iyaka alhali mutum yana zaton ya kare kansa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya dala biliyan 6 don sasanta ƙarar da tsofaffin sojojin Amurka fiye da 200,000 suka shigar a kan wani matoshi da aka raba musu tsakanin 2003 da 2015. Ƙorafinsu shi ne yakan sassauta a cikin kunne ba tare da mai shi ya sani ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma darasin ya fito fili: komai sunan abu, in bai toshe ba bai yi aiki ba.

Yadda ake sa na soso

A wanke hannu. A murza shi tsakanin yatsu har ya sirance, ba tare da ya lanƙwashe ba. A zagayo da ɗaya hannun ta bisa kai, a ja kunne sama da baya don ramin ya miƙe. A cusa, a danne da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya gama kumbura. In wani ya dube ka ta gaba ya hango shi ya leƙo waje sosai, bai shiga ba. Ka yi magana: muryarka za ta yi kauri kamar kana cikin randa. Ka rufe kunnuwa da tafin hannu ka buɗe: in ƙarar waje ta canja sosai, cire ka sake. A koyi wannan a gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Wajen cirewa kuma a murɗa a hankali, kada a fizge.

To, wanne za a saya?

Mai gwajin bindiga ko koyon saiti, inda za a yi harbi da yawa a jere, ya sa na soso, in da hali ya ɗora babban makari a kai. Haɗa biyun yana ƙara wajen desibel 5. Haka 'yan bindigar hawan salla da masu tsayawa kusa da su.

Mai sanɗar nama, wanda dole ya ji motsin dawa da muryar abokansa, ya nemi mai 'yar ƙofa, in aljihu ya yarda ya sayi mai batir. Dalili kuwa, wanda zai hana ka ji, za ka cire shi ka ce sai nama ya taso, kuma nama ba ya jiran kowa. Wanda zai zauna a kunne tun fitowa daga gida shi ne naka.

Ɗan rakiya da yaron da ke riƙe da jaka su ma a ba su. Sau da yawa wanda ke tsaye gefen bakin bindiga ya fi mai harbin shan ƙara. A sayi na soso da yawa a zuba a jakar harsashi.

Wanda kunnensa ke ruwa ko ciwo, kada ya cusa komai sai ya ga likita. Wanda kuma ya yi harbi ji ya ɗauke masa, ko jini ya fito, kada a ɗiga mai ko wani magani, kada ruwa ya shiga. A tafi asibiti cikin kwanakin farko, domin a nan ne magani ya fi tasiri. In ka riga ka fara jin kukan gyaren nan, kada ka ce aikin gama ya gama. Sauran jin da ya rage maka shi ne abin tsarewa yanzu.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana lafiyarmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.