KARON MAI KEKE DA BABBAR MOTA A MARARRABA: ABIN DA BIRNIN LANDAN YA GANO

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2013, masu keke 6 suka rasa rayukansu bisa titunan Landan, babban birnin Ingila, cikin mako biyu kacal. Manyan motocin kaya suka take 3, motocin safa suka take 3. Da shekarar ta ƙare aka yi lissafi, sai aka tarar masu keke 14 suka mutu a birnin, 9 daga cikinsu a karo da kamyo. Ran 29 ga wannan wata na Nuwamba, ɗaruruwan masu keke suka taru a ƙofar ofishin hukumar sufurin birnin, suka kwanta bisa titi tare da kekunansu tamkar gawawwaki, domin hukuma ta gani da idonta.

Abin da ya fi ɗaure ma mahukunta kai shi ne, manyan motocin kaya ba su da yawa a titunan birnin. Bisa ga ƙididdigar hukumar sufurin, tafiyarsu ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na dukan zirga-zirgar motoci ba. Amma daga 2015 zuwa 2017, da su aka yi kashi 63 cikin 100 na haɗurran da suka kashe masu keke. Da yawa daga cikin waɗannan haɗurra kuwa a mararraba suka faru, lokacin da mota ke shan kwana a hankali, ba cikin gudu ba.

Yadda abin ke faruwa

Direban babbar mota yana zaune ne can sama, nesa da ƙasa. Yana hango abin da ke nesa sarai, amma abin da ke gindin motarsa ɓoye yake gare shi. Akwai lungu gaban hancin motar, akwai kuma wani lungu mai tsawo a gefen da ba na direba ba, daga ƙofa har zuwa ƙafafun baya. Mutum da kekensa suna iya shiga wannan lungu su ɓace ƙurmus, ko da direba ya dubi madubi.

To, a mararraba jar wuta ta tsai da kowa. Mai keke ya iso daga baya, ya ga ƴar hanya tsakanin kamyo da bakin titi, ya kutsa ya tsaya daidai ƙofar motar. Shi yana ganin motar, don haka yana zaton direba na ganinsa. Da aka ba da hanya, sai su tashi tare, mai keke yana nufin miƙewa, direba yana nufin shan kwana.

Nan ne abu na biyu ke shigowa. Doguwar mota ba ta karya kwana yadda ƙarama ke yi. Sai ta fara buɗewa zuwa tsakiyar titi tukuna, har mai keke ya ɗauka miƙewa za ta yi, ko kuwa wuri ta ba shi. Sa'an nan kanta ya juyo. Ƙafafun baya kuwa ba su bin sawun na gaba: yanke suke yi ta ciki, su matso bakin titi. Filin da mai keke ke ciki sai ya rufe kamar bakin almakashi. Gefen mota ya bangaje shi, ya faɗi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Sau da yawa direba ba ya sanin abin da ya faru sai ya ji kururuwar mutane.

A Ingila motoci hannun hagu suke bi, saboda haka kwanar hagu ce mai kisa. A babban shataletalen Bow, gabashin Landan, masu keke 2 suka mutu cikin Oktoba da Nuwamba na 2011, dukansu ƙarƙashin motocin yashi da tsakuwa masu kwanar hagu. A wannan wuri ne kuma ɗaya daga cikin mutane 6 na Nuwamba 2013 ta gamu da ajalinta.

Matakan da aka ɗauka

Da aka gane cewa haɗarin iri guda ne yake ta maimaituwa, sai aka daina tsayawa ga neman mai laifi kaɗai, aka koma ga gyaran motar kanta. Motocin aikin gini su suka fi yin ɓarna, domin kansu ya fi tsawo, kuma a dā doka ba ta tilasta masu sa shinge a gefe ba. Tun daga Satumba 2015 aka hana duk motar da ta wuce ton 3 da rabi shiga Landan sai tana da shingen ƙarfe tsakanin ƙafafun gaba da na baya, wanda ke tura mutum waje maimakon ya faɗa ƙarƙashi, da kuma ƙarin madubai masu nuna gaban mota da gindin ƙofa.

Madubi kuwa ba ya kai ido. Direban da ke da madubai da yawa ba ya iya dubansu duka a lokaci guda. Don haka a 2016 magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya ba da sanarwar wani sabon tsari, wanda ya fara aiki ran 1 ga Maris 2021. Ana auna kowace motar da ta wuce ton 12, a ga iyakar abin da direba ke gani da idonsa ta gilashi, a ba ta daraja daga tauraro 0 zuwa 5. Motar da kanta ke ƙasa-ƙasa, mai faɗin gilashi har a jikin ƙofa, ita ke samun taurari da yawa. Wadda ta gaza sai an sa mata kyamara, da na'urar da ke gargaɗin direba in akwai mutum a gefe, da lasifikar da ke faɗa ma na waje cewa mota za ta sha kwana. In ba haka ba, mai ita ya biya tara har fam 550. Daga Oktoba 2024 aka ɗaga sharaɗin zuwa taurari 3. Hukumar sufurin ta ba da rahoto cewa haɗurran kisa da rashin gani ya jawo sun ragu da rabi tsakanin 2018 da 2021.

An kuma taɓa mararrabar kanta. A wurare da dama an ja ma masu keke layin tsayawa a gaban na motoci, inda direba zai gan su, an kuma ba su fitilarsu da ke sakinsu kafin motoci su tashi.

Sauran ƙasashen Turai sun bi nasu hanyoyi. A Jamus, tun Afrilu 2020, motar da ta wuce ton 3 da rabi ba ta shan kwanar dama cikin gari sai da saurin mai tafiya a ƙasa. A Faransa, tun 1 ga Janairu 2021, tilas ne a liƙa ma irin wannan mota alamar da ke nuna lungunan da direba ba ya gani. Tarayyar Turai kuma ta wajabta na'urar gargaɗi bisa kowace sabuwar babbar mota daga Yuli 2024.

Abin da ya shafi Nijar

Nijar ba ta da bakin teku, kuma bisa manyan motoci kayanta ke shiga da fita. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Yamai da Doso, Birnin Ƙwanni, Maraɗi da Damagaram, ba ta rabuwa da kamyo dare da rana, kuma a bakin kasuwanni da tashoshi suna cakuɗa da kekuna, da babura, da amalanke. Da yawa daga cikin motocin tsofaffi ne, an ƙera su tun kafin waɗannan dokoki. Lungun da ke gefen mota a Landan shi ne a Maraɗi. Bambancin kawai, a Nijar hannun dama ake bi, don haka kwanar dama ce abin tsoro.

Ba duka matakan ke bukatar kuɗi masu yawa ba. Shingen gefe aikin mai walda ne. Madubin da ya fashe ana iya dubansa a wurin binciken lafiyar motoci. Layin tsayawa fenti ne. Shan kwana a hankali umurni ne da jandarma da ɗan sanda ke iya tsarewa. Yaron mota da ke zaune gefen dama yana iya zama idon ubangidansa a kowace kwana.

Shi kuwa mai keke, ko ɗan lakwal ne ko magidanci mai zuwa kasuwa, ƙa'idarsa guda ce: kada ya shiga tsakanin babbar mota da bakin titi a kusa da mararraba, ko da motar a tsaye take. Ya tsaya bayanta har ta wuce. In motar ce ta tarar da shi, ya matsa gaba sosai inda zai iya haɗa ido da direba, domin wanda ba ya ganin fuskar direba, direba ma ba ya ganinsa. Jiran bai fi na minti guda ba, kuma Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.