Daga Zariya Zuwa Kano: Yadda Malamin Tuƙin Jirgin Sama Ke Tara Sa'o'insa

Idan aka shimfiɗa taswira, aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin saman Zariya zuwa na Malam Aminu Kano, za a ga layin ya ratsa ta ƙasar Kiru. Tsawonsa kimanin kilomita 135 ne. A Zariya kuwa ake da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964. Irin wannan tafiya daga wani fili zuwa wani, ita ake kira tafiyar dogon zango, kuma tana da babban matsayi a rayuwar matuƙi.

Dalili shi ne, lasin tuƙi hawa-hawa ne. Bisa ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, lasin tuƙi na sana'a yana bukatar sa'o'i 200 a sama, ko 150 ga wanda ya yi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Amma lasin ƙoli, wanda ke ba mutum damar shugabancin babban jirgin fasinja, sai da sa'o'i 1,500. Daga ciki dole 200 su kasance na dogon zango, 100 na dare, 75 kuma na tuƙi da na'urori kaɗai. A Amurka ma sa'o'i 500 na dogon zango ake nema.

To, ta ina sabon matuƙi zai cike wannan giɓi? Da yawa sukan zama malaman tuƙi, domin duk sa'ar da malami ya yi yana koyarwa a sama ana rubuta masa ita a littafinsa. Sai dai akwai cikas. Mafi yawan darussan farko a kewayen fili ake yin su: a tashi, a zagayo, a sauka. Waɗannan suna ƙara jimilla, amma ba sa shiga lissafin dogon zango. Saboda haka malami yakan ribaci darussan sanin hanya, inda yake raka ɗalibi zuwa wani gari.

A irin wannan darasi kayan aiki uku ne: taswira, kamfas da agogo. A ɗauka jirgi yana gudun kilomita 200 a sa'a. In babu iska, zai isa Kano cikin minti 40 da ɗoriya. Da hunturu kuwa iska daga arewa maso gabas take busowa, wato gaba da gaba da mai zuwa Kano. In ƙarfinta ya kai kilomita 30 a sa'a, gudun jirgi bisa ƙasa ya koma 170, tafiya ta zama ta kusan minti 48, mai kuma ya ƙara ƙonewa. Ɗalibi zai riƙa gwada lissafinsa da alamomin ƙasa, kamar layin dogo da titin da ya bi ta Kwanar Dangora.

Hazo yakan ɓoye waɗannan alamomi, a nan ne kuma jikin ɗan Adam ke nuna kasawarsa. A can cikin kunne akwai bututu uku masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa juyawar kai. Idan jirgi ya karkata sannu a hankali, ba sa ji, sai matuƙi ya ɗauka a miƙe yake tafiya. Maganin wannan shi ne ya gaskata na'urorinsa fiye da abin da jikinsa ke gaya masa, kuma hakan ba ya samuwa sai da maimaici.

Zuwa Kano da komowa Zariya bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba a sama. Ke nan kafin malami ya tara sa'o'i 200 ta wannan hanya kaɗai, sai ya yi zuwa da komowa fiye da sau 130. Ɗalibin sakandare mai burin wannan aiki, ya san cewa lissafin gudu, nisa da lokaci da ake koya masa a aji, shi ne dai ake yi a can sama.