Eyam: Ƙauyen da Ya Kulle Kansa da Annoba

A cikin tsaunukan Derbyshire da ke Ingila akwai wani ƙaramin ƙauye, Eyam, wanda mutanensa suka daɗe suna haƙar dalma. Sunansa kuwa annobar 1665 ce ta fito da shi.

A watan Satumba na shekarar aka kawo wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke ta cin rayuka. Yaron telan, George Viccars, ya ji yadin da danshi, ya shanya shi a bakin murhu. Ashe ƙuma mai ɗauke da cutar na ciki. Kwana kaɗan ya rasu, cuta ta shiga gida-gida.

Da bazarar 1666 mutuwa ta yi yawa, jama'a suka fara ɗaure kaya. Nan ne limamin cocin, William Mompesson, da wanda ya riga shi riƙe muƙamin, Thomas Stanley, mutane biyu da aƙida ta raba, suka haɗa baki suka roƙi mutanen gari: kada kowa ya fita, kada kowa ya shigo. Musulmi zai tuna hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka. Wa'azi ya koma fili, a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane gida kuma shi ke binne mamacinsa.

Abinci fa? Maƙwabta kan ajiye shi a bakin iyaka su juya. Dutsen iyakar na nan har yau da ramuka a kansa, inda ake zuba ruwan khal a jefa kuɗin ciniki, wai don a kashe cutar.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne kaburburan Riley, can bayan gari cikin gona. A nan ne, a watan Agusta na 1666, Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Matar Mompesson, Catherine, ita ma a watan ta rasu. Kabarinta na harabar cocin St Lawrence, kusa da wani gicciyen dutse da ya haura shekara dubu.

Mutum kusan 260 aka rasa kafin cutar ta lafa a watan Nuwamba. Masana na gardama kan ko killacewar ta ƙara wa ƙauyen asara. Ko ma yaya ne, zaman da suka yi da sani a bakin mutuwa ba ƙaramin jarumta ba ne. Duk Lahadin ƙarshe ta Agusta ana taron tunawa da su a Cucklett Delf.