Mu Nawa Ne A Ƙasar Nan, Kuma Mu Nawa Za Mu Zama?

A shekarar 1960, sa'ad da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya, masana lissafin jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mutanen ƙasar nan wajen miliyan 45 ne. A shekarar 2024 kuwa ƙiyasinsu ya kai miliyan 232. Watau jaririn da aka haifa ranar samun mulkin kai, kafin ya cika shekara 65 ya ga jama'ar ƙasarsa ta ninka har sau biyar. Da haka Nijeriya ta zama ta ɗaya a Afirka, ta shida a duniya wajen yawan jama'a.

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ba wanda zai yi musun haka. Amma duk magidanci ya san cewa idan bakuna suka ƙaru a gida, dole rumbu ya ƙaru, in ba haka ba a kwana da yunwa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda muka ƙaru a baya, da yadda ake tsammani za mu ƙaru nan gaba, da kuma abin da wannan ƙaruwa ke nema a wurinmu.

Yadda Ake Auna Ƙaruwa

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki yawan waɗanda aka haifa cikin shekara, a ɗebe waɗanda suka rasu, a ƙara baƙin da suka shigo, a ɗebe waɗanda suka yi ƙaura. Abin da ya saura shi ne ƙaruwar shekara, kuma akan faɗe ta da kashi cikin ɗari. Idan gari mai mutum dubu ya ƙaru da mutum 30 cikin shekara, an ce ya ƙaru da kashi 3 cikin ɗari.

Kashi 3 a baki kamar ba kome ba ne. To, amma masana suna da wata dabara: a raba 70 da wannan kashi, abin da aka samu shi ne yawan shekarun da jama'a za ta ninka. Ƙasar da ke ƙaruwa da kashi 3 za ta ninka cikin shekara 23 da 'yan watanni. Mai kashi 2 sai shekara 35, mai kashi 1 kuwa sai shekara 70. Tun daga 1960 zuwa 2024 Nijeriya ta yi ta ƙaruwa da misalin kashi biyu da rabi a shekara. Shi ya sa miliyan 45 ta zama miliyan 90 wajen ƙarshen shekarun 1980, ta kuma zama miliyan 180 wajen 2014.

Rigimar Ƙidaya

Mai karatu zai lura cewa ƙiyasi muke ta ambata. Dalili kuwa shi ne, tun da aka sami mulkin kai ba a taɓa yin ƙidayar da kowa ya yarda da ita ba.

A zamanin Turawa yawancin ƙidaya da littafin haraji aka yi ta. Ta 1931 ta ba da kusan miliyan 20, ta 1952 zuwa 1953 kuma ta ba da miliyan 30.4. A lokacin mutane gudun malamin ƙidaya suke yi, don suna ganin duk wanda aka rubuta sunansa haraji zai hau kansa. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa sai abin ya juya, domin da yawan jama'a ake raba kujerun majalisa da kuɗin tarayya. Wanda dā yake ɓoye 'ya'yansa sai ya koma ƙirga har waɗanda ba a haifa ba.

Ƙidayar 1962 gardama ta kashe ta, Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa ya sa aka sake wata a 1963. Wannan ta ba da miliyan 55.6: Jihar Arewa miliyan 29.8, Gabas 12.4, Yamma 10.3, Yamma ta Tsakiya 2.5, Ikko kuwa dubu 665. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi yarda da ita, har gwamnatinsa ta kai ƙara kotu, amma ba ta ci nasara ba. Ta 1973, a zamanin Janar Gowon, ta ba da miliyan 79.8, ita kuma Janar Murtala Muhammed ya soke ta da ya hau mulki a 1975. Ta 1991, wadda Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, ya shugabanta, ta ba da kusan miliyan 89, alhali ana tsammanin mun haura miliyan ɗari. Ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, Jihar Kano na da miliyan 9.4, Jihar Legas 9.1, nan take gwamnatin Legas ta ce nata lissafin ya wuce miliyan 17.

Idan aka jera waɗannan alƙaluma za a ga ba su jitu ba. Daga 1953 zuwa 1963 sun nuna ƙaruwar kusan kashi 6 a shekara, abin da haihuwa kaɗai ba za ta iya kawowa ba. Daga 1963 zuwa 1991 sun nuna ƙasa da kashi 2, sa'an nan daga 1991 zuwa 2006 suka koma kashi 3.2. Jama'a ba ta ƙaruwa da irin wannan tsalle. Ko dai an yi aringizo a wata, ko an tsallake mutane a wata. Bisa ƙa'ida duk shekara goma ake ƙidaya, amma 2016 ta wuce ba a yi ba, wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023 kuma gwamnatin Shugaba Buhari ta ɗage ta.

Rashin sanin yawanmu ya taɓa ba mu kunya. Sa'ad da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, a watan Satumba na 1976, yara miliyan 2.3 aka yi wa tanadi a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Aka rasa azuzuwa, aka rasa malamai, yara da yawa suka yi karatu a gindin bishiya.

Me Ya Kawo Wannan Yawa?

Waɗansu na zaton matan yanzu sun fi na dā haihuwa. Ba haka abin yake ba. Kakanninmu mata sun haihu da yawa, amma sun binne da yawa. Agana da ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓi da gudawa su ne suke kwashe yara tun kafin yaye. Da aka zo da lamba da allurar rigakafi, aka giggina asibitoci da ɗakunan shan magani, aka sami ruwan famfo da rijiyoyin burtsatse, sai mutuwa ta ragu, haihuwa kuwa ta tsaya inda take. Rabon Nijeriya da agana tun 1970. A 1960 jaririn da aka haifa a ƙasar nan, a matsakaicin lissafi, shekara 37 ake sa ran zai yi a duniya. A 2023 lissafin ya kai wajen shekara 54.

Binciken haihuwa da lafiya wanda gwamnati kan yi gida gida ya nuna cewa a 2003, cikin yara dubu da aka haifa, 201 ba su kai shekara biyar ba. A 2018 adadin ya sauko zuwa 132, a binciken 2023 zuwa 2024 kuma 110. Wannan ci gaba ne, ko da yake har yanzu yaro ɗaya cikin tara ke nan, abin da ya sa Nijeriya cikin ƙasashen da suka fi kowa asarar yara.

Haihuwa ita ma ta fara sauka, amma sannu a hankali. A 1990 mata goma kan haifi 'ya'ya 60 a tsawon rayuwarsu. A 2008 ya zama 57, a 2018 ya zama 53, a binciken 2023 zuwa 2024 kuma 48. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin sassan ƙasa. A 2018 mata goma a Jihar Legas 'ya'ya 34 suke haifa, a Jihar Katsina kuwa 73. Waɗanda ba su shiga makarantar boko ba 67, waɗanda suka wuce sakandare 34. Wannan lissafi na ƙarshe ya nuna cewa zaman yarinya a makaranta yana cikin manyan abubuwan da ke sauya yawan haihuwa, a Kudu ne ko a Arewa.

Abin Da Ke Gaba

Majalisar Ɗinkin Duniya takan sabunta hasashenta bayan 'yan shekaru, kuma abin lura shi ne, a 'yan shekarun nan duk sabuntawa rage na Nijeriya take yi. A 2019 ta ce a shekarar 2050 za mu kai miliyan 401, mu wuce Amurka, mu zama na uku a duniya. A 2022 ta rage zuwa miliyan 377, a 2024 kuma zuwa miliyan 359, wanda zai sa mu zama na biyar, bayan Indiya da Sin da Amurka da Pakistan. Hasashen shekarar 2100 ya fi sauka ƙwarai: daga miliyan 733 zuwa 546, sa'an nan zuwa 477.

Bisa hasashen 2024, saurin ƙaruwarmu, wanda ya kai wajen kashi 3 a ƙarshen shekarun 1970, ya sauko zuwa misalin kashi 2.1. Daga 2024 zuwa 2050 zai zama wajen kashi 1.7 a matsakaici, daga 2050 zuwa 2100 kuma ɗan sama da rabin kashi ɗaya.

To, kada wannan ya sa mu saki jiki. Kashi 3 na miliyan 70 mutum miliyan 2 ne da ɗoriya, amma kashi 2.1 na miliyan 232 kusan miliyan 5 ne. Watau gudun ya ragu, amma nauyin kayan ya ƙaru. Ana haifar jarirai fiye da miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Iyayen jariran 2050 yawancinsu an riga an haife su, suna firamare ko suna goye. Ko da kowannensu zai haifi rabin abin da iyayensa suka haifa, jama'a za ta ci gaba da ƙaruwa shekaru masu yawa. Saboda haka ƙarin mutum miliyan ɗari da wani abu kafin 2050 abu ne da ya kamata a ɗauka kamar an gama. Na 2100 shi ne ke hannunmu.

Ƙasa Ba Ta Ƙaruwa

Faɗin Nijeriya murabba'in kilomita 923,768 ne. Da za a raba shi daidai, har da duwatsu da koguna da hanyoyi, a 1960 kowa zai sami eka biyar. A 2024 eka ɗaya ce, a 2050 kuwa ba za ta kai kashi biyu cikin uku na eka ba. Manomi ya san wannan lissafi tun kafin masana su rubuta shi. Gandun da ya ciyar da gida guda a zamanin kaka, an raba shi gado sau biyu, yanzu kowa ɗan fegi yake nomawa, ba kuma halin barin gona ta huta. Burtalin da shanu suke bi an nome shi, makiyaya ta zama unguwa, kuma wannan na cikin abubuwan da ke hura wutar rikicin manoma da makiyaya. Saurayin da gona ba ta ishe shi ba, shi ne ake gani a Ikko da Badun da Fatakwal yana acaba ko gadi ko turin baro.

Gwamnati ba ta rasa tsari a takarda ba. A 1988, zamanin Janar Babangida, sa'ad da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, an fito da manufar da ta shawarci kowace mace kada ta wuce 'ya'ya huɗu, da burin sauko da ƙaruwa zuwa kashi 2 kafin shekarar 2000. Burin bai cika ba. Jama'a da yawa sun ɗauki abin a kan shisshigi cikin sha'anin iyali, kuma uwar da ba ta da tabbacin ɗanta zai rayu ba za ta saurari mai ce mata ta tsaya a huɗu ba. An sake wata manufar a 2004, aka kuma ƙaddamar da wata a 2022.

Akwai darasi a ƙasar Bangladesh. A 1975 ta fi Nijeriya yawan jama'a, matanta kuma kusan 'ya'ya bakwai bakwai suke haifa. Ta tura ma'aikatan lafiya mata gida gida, ta dage da rigakafin yara, ta tallafa wa 'yan mata su zauna a sakandare. A 2024 haihuwa a can ta sauko zuwa wajen biyu, jama'arta miliyan 173, Nijeriya ta wuce ta da kusan miliyan 60.

Mu ma tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu shekara biyu suke shayarwa kafin yaye, kuma kwanika abin kunya ce a ƙasar Hausa, don an san tana raunana uwa da ɗan goye. Wannan hikima ta gida ita ce likitoci suke faɗa yau da nasu harshe.

Abin da ya rage wa hukuma a fili yake. Na farko, a yi ƙidaya ta gaskiya, shugabannin Kudu da na Arewa su bar ɗaukarta gasar yawa, domin ba a yi wa baƙo shimfiɗa sai an san su nawa ne. Na biyu, a sa kuɗi a asibitin ƙauye don yara su daina mutuwa. Na uku, a tabbata yarinya ta gama makaranta kamar ɗan'uwanta namiji. Na huɗu, a tanadi wutar lantarki da taki da ruwan noman rani da masana'antu, don miliyoyin samarin da ke tasowa duk shekara su sami abin yi. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sha faɗin cewa yaran ƙasar nan fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta. Jariran da aka haifa bana, nan da shekara shida za su tsaya a ƙofar firamare su fiye da miliyan 6, kuma tun yanzu ya kamata a fara gina azuzuwansu da horar da malamansu.